A San Mafita Kafin A Shiga Makarantar Kasuwanci

Malam Edita, ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin wannan mujalla tamu domin in yi magana da 'yan'uwana ɗalibai, tun ba waɗanda suke ajin ƙarshe ba, a kan wani zance da ya yi yawa a bakinmu bana. Zancen kuwa shi ne na babbar makarantar kasuwanci, watau inda wanda ya riga ya sami digiri na fari yake komawa ya koyi sarrafa kamfani da dukiya da ma'aikata, a ba shi digiri na biyu wanda ake kira MBA. Ko a ɗakin kwana, ko wurin cin abinci, ko a hanyar dawowa daga koyarwar gwaji, sai ka ji wani yana cewa shi shekara biyu ko uku kaɗai zai riƙe alli, sa'an nan ya tafi ya yi MBA ya zama manaja. In ka tambaye shi wace makaranta, nan da nan sai ya kawo maka suna mai daɗin faɗi. In kuwa ka tambaye shi wane aiki zai yi bayan ya gama, sai ya fara susar ƙeya.

Ni ban ga laifin mai wannan buri ba, gama kowa ya san abin da albashin malami yake iya saye a kasuwa. Abin da nake so in faɗa guda ɗaya ne. Aikin da mutum yake so ya yi shi ake fara zaɓa, sa'an nan a nemi makarantar da ta saba kai mutane ga irin wannan aiki, a kan kuɗin da mutum zai iya biya ba tare da ya karya gidansu ba. Wanda ya fara da sunan makaranta ya ɗaura wa doki sirdi ta wajen wutsiya.

Bari mu fara da sanin ko mene ne ake sayarwa a irin waɗannan makarantu. Abin ya samo asali daga Amurka. A can aka buɗe makarantar Wharton a 1881, aka kuma buɗe ta Harvard a 1908, ita ce ta fara ba da digirin MBA. Turai ta biyo baya, aka kafa INSEAD a Faransa a 1957, da ta Landan a 1964. Darussansu ba wani sihiri ba ne. Ana koyar da lissafin shiga da fita na kamfani, da yadda ake neman jari a juya shi, da talla da neman kasuwa, da shugabancin ma'aikata, da tattalin arziki. Waɗannan duka akwai su a littattafai, kuma mai himma yana iya karanta su a ɗakinsa. To, me ya sa mutane suke biyan kuɗi mai yawa haka? Domin abu uku suke saye tare: ilmi, da abokan karatu, da ƙofar aiki. Na farkon ana samunsa da araha. Na biyu da na uku su ne masu tsada, kuma su ne suke bambanta wata makaranta da wata.

Dubi yadda ake koyarwa a Harvard. Ba a cika tsayawa gaban allo ana ba da lacca ba. Ana ba ɗalibi labarin wani kamfani na gaske da ya shiga matsala, ya karanta da dare, da safe ya shiga aji mai mutum kamar 90, malami ya nuna shi ya ce, da kai ne manajan nan, me za ka yi? Kafin shekara biyu su ƙare ɗalibi ya karanta irin wannan labari kamar 500, kuma wajen rabin makinsa daga abin da ya faɗa a aji yake fitowa. Mu da muke koyon malanta mun fi kowa gane abin da wannan yake nufi. Aji irin wannan ba ya yin armashi sai ɗaliban sun zo da abin faɗi. Wanda bai taɓa riƙe kuɗin kowa ba, bai taɓa sa wani aiki ya ƙi yi ba, me zai ce? Shi ya sa a manyan makarantun nan akasarin ɗalibai sukan zo da aikin shekara huɗu ko biyar a bayansu.

Yanzu sai mu dubi tamu hanyar, mu da za mu fita da satifiket na NCE. Wannan satifiket ba ya kai mutum MBA kai tsaye. Tilas sai an shiga jami'a tukuna an sami digiri na fari. Bayan haka jami'o'in ƙasarmu suna neman takardar gama bautar ƙasa, ko kuwa takardar da ta nuna an ɗauke wa mutum, kamar wanda ya wuce shekara 30 lokacin da ya gama digiri. Sukan nemi kiredit a Turanci da Lissafi na sakandare. Galibi kuma suna son digirin da bai gaza mataki na biyu ba, wanda ya fito da mataki na uku ko kuwa mai babbar difloma sai a ce ya fara yin difloma ta gaba da digiri. Waɗansu jami'o'in har wanda digirinsa ba na fannin kasuwanci ba ne sukan sa shi ya bi ta wannan difloma. Ashe ke nan ga yawancinmu maganar shekara shida ce ko bakwai nan gaba. Kada wani ya ce tun da da sauran lokaci a bar zancen, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Makin da muke samu yanzu shi zai shigar da mu jami'a, matakin digirin da za mu fito da shi kuwa shi za a duba ran nan.

Wanda yake hangen ƙasashen waje akwai ƙarin sharuɗɗa a kansa. Na ɗaya jarrabawa ce da ake kira GMAT, wadda aka fara a 1954. An sake mata fasali a ƙarshen 2023, ta zama kashi uku, kowane kashi minti 45: lissafi, da fahimtar rubutu, da karanta alƙaluma da jadawali. Maki yana tashi daga 205 zuwa 805, kuma sakamakon yana aiki har shekara biyar. Makarantu da yawa suna karɓar wata mai suna GRE a madadinta. Na biyu takardar makin jami'a, wadda ake kira tiranskirif, ita kuwa wanda ya taɓa nema ya san ba a sa mata rana, saboda haka a fara bi tun da wuri. Na uku wasiƙun shaida, galibi biyu, daga waɗanda mutum ya yi aiki a ƙarƙashinsu. A nan mutanenmu sukan yi kuskure, su tafi wajen wani babban mutum wanda bai san su ba domin sunansa kawai. Wasiƙar hedimasta da ya ga aikinka shekara uku ta fi ta kwamishinan da ya gan ka sau ɗaya. Na huɗu insha'i, inda za ka bayyana abin da ka yi a baya, da abin da kake so ka yi, da dalilin da ya sa wannan makaranta ce za ta kai ka. In an ga alamar alheri sai a kira ka ganawa. Ana karɓar takardu zagaye-zagaye, na fari wajen watan Satumba, na biyu wajen Janairu, kuma mai neman taimakon kuɗi gara ya shiga da wuri.

Ku lura da wannan insha'i. Su kansu masu makarantar tambayar da suke yi ita ce wadda na ce ta sa 'yan'uwanmu susar ƙeya: me za ka yi bayan ka gama? Wanda ba shi da amsa, ko ya iya Turanci kamar ruwa, za a gane.

To, in mutum ya san aikin da yake so, da me zai auna makaranta? Ina ganin tambaya huɗu sun isa.

Ta fari, wa ya shaide ta? A ƙasarmu Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, watau NUC, ita ce take amincewa da jami'a da kwasa-kwasanta, kuma tana buga sunayensu kowa ya gani. A duniya akwai ƙungiyoyi uku da hatiminsu yake da nauyi: AACSB ta Amurka, wadda aka kafa a 1916, da AMBA ta Ingila, da EQUIS ta Turai. Kada wannan ya zama mana ƙaramin abu. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida na Nijeriya ya bayyana yadda ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna aji ba, kuma a Janairun 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo. Waɗanda suka yi karatun gaskiya a can su ma abin ya shafe su. Duk makarantar da ta ce maka ba jarrabawa, ba sharaɗi, kawo kuɗi kawai, ka tuna araha ba ta ado.

Ta biyu, ina ɗalibanta na bara suke yanzu? Makarantun kirki suna buga rahoto kowace shekara, su faɗi kashi nawa cikin ɗalibansu suka sami aiki cikin wata uku da gamawa, a wane irin kamfani, a wace ƙasa, a kan albashi nawa. A nemi wannan rahoto a karanta kamar yadda ake karanta takardar filin da za a saya. Za a ga yawancin ɗaliban manyan makarantu wuri uku suke tafiya: kamfanonin ba da shawara irin su McKinsey, da bankuna da masu juya jari, da kamfanonin fasahar zamani. In ba ɗaya daga cikin waɗannan kake so ba, sai ka sake tunani ko wannan makaranta taka ce. Kuma kada a ɗauka babban suna lamuni ne. Jaridar Wall Street Journal ta ruwaito a Janairun 2025 cewa kashi 23 cikin 100 na ɗaliban Harvard da suka gama a 2024 suna neman aiki, ba su samu ba har bayan wata uku. In haka ta faru ga Harvard, ina ga makarantar da ba ta ma buga rahoto? Irin wannan sai a nemi tsofaffin ɗalibanta uku ko huɗu, waɗanda mutum ya nemo da kansa, a tambaye su gaskiyar magana. Gani ya kori ji, amma jin wanda ya gani ya fi takardar talla.

Ta uku, nawa ne, kuma wa zai biya? Bari mu yi ɗan lissafi irin na aji shida. A 2024 kuɗin makaranta kaɗai a Harvard ya haura dala 70,000 a shekara, ban da abinci da wurin kwana. A cikin wannan shekara dala ɗaya ta haura Naira 1,500, alhali kafin a saki farashin Naira a watan Yunin 2023 ba ta kai 500 ba a hukumance. Watau kuɗin shekara ɗaya ya fi Naira miliyan 105. Mafi ƙanƙantar albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 Naira 70,000 ne a wata. Mai wannan albashi, ko bai ci ba bai sha ba, sai ya yi shekara 125 kafin ya tara kuɗin shekara guda, karatun kuwa shekara biyu ne. A kan wannan sai a ƙara albashin da mutum zai rasa sa'ad da yake zaune a aji. Wanda ya ci bashi da dala ya dawo gida yana karɓar albashi da Naira, ya san bashin nan yana iya girma yana barci. Akwai sikolashif, gaskiya ne. Makarantun da kansu suna ba da taimako, akwai kuma irin Chevening ta Gwamnatin Ingila, wadda take neman mutum ya yi aikin shekara biyu kafin ya nema, ya kuma koma ƙasarsa shekara biyu bayan ya gama. Amma sai takardar taimako ta zo hannu ake lissafi da ita. Ina roƙon 'yan'uwana, kada wanda ya sa tsohonsa ya sayar da gonar da ƙannensa suke ci domin takardar da bai san inda za ta kai shi ba.

Ta huɗu, a ina za a bar ka ka yi aiki? Da yawa cikin masu zancen waje a ransu ba karatun suke so ba, zama can suke so. To, su sani dokokin biza suna juyawa kamar iskar bazara. A Amurka wanda ya gama yana da izinin aiki na wata 12, a ƙara masa wata 24 in kwas ɗinsa yana cikin waɗanda aka lasafta na kimiyya da fasaha, bayan nan kuwa sai wani kamfani ya tsaya masa. Ingila ta buɗe izinin zama bayan karatu a 2021, amma daga Janairun 2024 ta hana masu digiri na biyu irin na aji su tafi da matansu da 'ya'yansu. Dokar da ka gani ranar da ka biya kuɗi ba lalle ita za ka tarar ranar da ka gama ba. Sai mutum ya tambayi kansa, in an ce in koma gida washegarin gamawa, wannan digiri zai biya kuɗinsa?

Wanda ya amsa waɗannan huɗu da gaskiya, sau da yawa zai ga makarantarsa tana nan gida. A Ikko akwai Lagos Business School, wadda ta fara a 1991, tana ƙarƙashin Jami'ar Pan-Atlantic, ta kuma sami hatimin AACSB a 2016. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da makarantar kasuwanci, har ana iya yin MBA ɗinta daga nesa. Jami'ar Bayero ta Kano tana da tata, wadda Alhaji Aliko Ɗangote ya gina mata mazauni aka buɗe a 2018. Jami'ar Ikko da Jami'ar Nijeriya a harabarta ta Inugu su ma sun daɗe suna koyar da wannan fanni. Ban ce duka ɗaya suke ba, kowace sai an yi mata tambayoyin nan huɗu. Amma wanda yake nufin ya yi aikinsa a kasuwar Nijeriya, abokan karatun da za su amfane shi su ne waɗanda suke cikin wannan kasuwa. Abokin da ke banki a Kaduna ya fi masa amfani bisa ga wanda ke banki a Landan.

Haka kuma akwai bambancin tsarin karatu. Na shekara biyu cikakku yana da hutu a tsakiya inda ɗalibi yake yin aikin gwaji a kamfani, kuma sau da yawa daga nan ake ɗaukarsa. Wannan ya dace da mai son sauya sana'a ɗungum, kamar malamin da yake so ya koma banki. Na shekara ɗaya, irin na INSEAD mai wata goma, ya fi sauƙin kuɗi da lokaci. Na ƙarshen mako kuwa ya dace da wanda yake da aiki ko ciniki a hannu, yana so ya ƙara gwaninta ba tare da ya saki albashinsa ba. Sai dai mai wannan ya sani ba a cika kawo masa masu ɗaukar ma'aikata har aji ba.

Na san wani zai ce, Malam, duk wannan wahala ta mece ce? Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, wace makarantar kasuwanci ya shiga kafin ya zama babban attajiri a fataucin goro da gyaɗa? 'Yan'uwanmu Ibo fa, da yaro yake zama shekaru a shagon ubangidansa har a sallame shi da jari? Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ni ina ganin tana goyon bayan abin da nake faɗi. Ciniki a kasuwa ake koyonsa. Wanda burinsa ya buɗe shago ko gonar kaji, kuɗin MBA gara ya zama jarinsa. Amma in harka ta girma, ma'aikata suka kai ɗari, banki ya ce a kawo lissafin shekara uku kafin ya ba da rance, masu hannun jari suka fara tambaya, a nan ne ilmin makaranta yake shigowa. Kowane da lokacinsa.

Wani kuma zai ce bai kamata ɗalibin kwalejin horon malamai ya rubuta irin wannan ba, kamar yana nuna wa mutane ƙofar gudu daga aji. Amsata ita ce, mai niyyar tafiya zai tafi ko an yi shiru, gara ya tafi da ido buɗe. Amma akwai abin da nake so mu duba. Makaranta ita ma harka ce da take bukatar mai sarrafawa. Ku dubi makarantu masu zaman kansu da suka cika garuruwanmu. Nawa ne suka rufe, ba don malamansu ba su iya koyarwa ba, sai don mai makarantar bai iya raba aljihunsa da asusun makaranta ba, bai san nawa kowane yaro yake ci masa ba, albashi ya gagara a tsakiyar zango? Ofisoshin ilmi na jiha da na ƙaramar hukuma su ma kasafin kuɗi da ma'aikata suke juyawa. Malamin da ya yi shekara biyar a aji, sa'an nan ya koyi lissafin kuɗi da shugabanci, ya fi kowa cancantar riƙe irin waɗannan wurare. Ga shi kuma yana da amsa a hannu ranar da aka tambaye shi me zai yi bayan ya gama.

Saboda haka kada wani ya ɗauki shekarun da zai yi yana koyarwa kamar zaman jiran mota. Su ne abin da zai rubuta a insha'insa. In an ba ka riƙon kuɗin wasanni, ko shagon makaranta, ko ƙungiyar adashen malamai, ka karɓa ka riƙe da amana, ka rubuta kome a littafi. In ka karɓi aji yara goma ne suka iya karatu, ka bar shi sun zama talatin, ka ajiye shaidar wannan. Hedimastan da zai rubuta maka wasiƙa abin da ya gani zai rubuta. Wanda ya yi shekara uku yana zuwa a makare yana cewa ai shi ba nan zai dawwama ba, ya cuci yaran mutane, ya kuma cuci kansa, gama ranar neman shaida ba shi da wanda zai nufa.

Shawarata ga ajin ƙarshe ita ce kowa ya ɗauki takarda ya rubuta aikin da yake so ya ga kansa a ciki nan da shekara goma, da garin da zai yi shi. Sa'an nan ya nemi mutum biyu ko uku da suke wannan aiki yanzu, ya tambaye su ta wace hanya suka bi. In sun ce MBA ne, ya tambaye su na wace makaranta, nawa suka kashe, kuma da za su sake ko za su sake bin ta. In sun ce ba a bukatarsa, ya gode wa Allah da ya tsare masa kuɗinsa. Ina kuma roƙon hukumar kwaleji, in da hali, ta riƙa gayyato tsofaffin ɗalibanmu da suka bi wannan hanya, waɗanda suka dace da waɗanda ba su dace ba, su zo su yi mana bayani ko sau ɗaya a shekara.

Wanda yake da wani ra'ayi dabam ina marmarin in karanta shi a fitowa ta gaba. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya sa mu amfani yaran da za a danƙa a hannunmu, amin.